Yadda Sarki Jatau Ya Kashe Sata a Dajin Marke

A shekara ta uku da kafa Dokar Tanadi, Dajin Marke ya zama wurin da mai kanti ba ya iya juya baya ya yi atishawa. Kafin ya juyo, an rage masa wani abu a kan tebur. Ba fasa shago ake yi ba, ba kuma tare hanya ba. Da rana tsaka, a gaban kowa, dabba za ta shigo da sallama, ta tambayi lafiyar iyali, ta taya kaya, ta ce sun yi tsada, ta fita. Sai ta sha kwana sannan mai kanti zai ga gurbin ƙullin gishiri ɗaya.

Ita Dokar Tanadi ba ta da wuyar ganewa. Sarkin dajin, Zaki Jatau, shi ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya noma dami uku, biyu na fada ne, za a ajiye wa talakawa saboda ranar yunwa. Aka gina rumbuna goma sha biyu a bakin kasuwar Gindin Kuka, manya-manya, aka shafe su da farar ƙasa har suna ɗaukar ido, aka damƙa su a hannun Kure Ɗanliti, Ministan Rumbuna da Walwalar Jama'a. Ranar yunwar kuwa ta iso tun a shekara ta biyu, ta sami wuri ta zauna. Amma duk lokacin da wani ya tambaya, sai a ce masa wannan ba ita ce yunwar da doka take nufi ba, ta gasken tana gaba.

Masu kantuna suka shiga neman dabara. Wani ya ɗaure kowane ƙullin kanwa da igiya a jikin tebur. Wani ya ɗauki biri aikin gadi ya zaunar da shi a kan azara, bai yi mako ba ya gano birin ya fi masu sayayya ɓarna. A Kantin Wadata, wanda ya fi kowane kanti girma, inda buhunan gero suke jibge har rufi, an kafa karnuka biyu a ƙofa suna shinshinar duk mai fita. Sunan ƙanin matar Kure Ɗanliti ne a jikin allon kantin, kuma babu wanda wannan ya ruɗa.

Ƙananan 'yan tireda sun daɗe suna kuka, fada ba ta ji ba. Ranar da Kantin Wadata ya yi tari, washegari aka kira majalisa.

Sarki Jatau ya tsufa, gemunsa ya yi fari, amma har yanzu yana son a riƙa gaya masa cewa gurnaninsa na girgiza duwatsu. Yana kishingiɗe a kan buzun wani rago da ya taɓa yin tambaya a taron majalisa, ya dubi ministocinsa ya ce, “An ce ana ɗauke-ɗauke a kantunan ƙasata. Har baƙin da suka zo daga Dajin Gabas sun ji, suna yi mini murmushi. Ina son in san dalili.”

Kure Ɗanliti ya miƙe da ƙyar, don tumbinsa ya riga shi isa ko'ina. Ya ce, “Allah ya ja zamanin manyan dawa. Dalili ɗaya ne, lalacewar tarbiyya. Talakan yanzu ba irin na da ba ne. Na da, in ya ji cikinsa na ƙugi, sai ya kwanta ya gode wa Allah ya gode wa hukuma. Na yanzu ido gare shi. Ina mai tabbatar wa wannan majalisa mai albarka cewa babu ƙarancin abinci a ƙasar nan. Ni kaina, tun da aka kafa gwamnatin nan ban taɓa kwana da yunwa ba, haka kuma duk wanda na sani.”

Majalisa ta ɗauki tafi.

Dila Tanko, Ministan Yaɗa Labarai, ya gyara murya. Shi ne wanda ya taɓa bayyana fari na shekara biyu da cewa hutun ruwan sama ne. Ya ce, “Ranka ya daɗe, da farko dai sata ba ta ƙaru ba. Abin da ya ƙaru shi ne maganar sata. Tsuntsayen nan marasa aikin yi, masu bin rassa suna tsegumi daga safe har yamma, su ke zuzuta abin, kuma mun san 'yan adawar da ke watsa musu tsaba. Na biyu, ko da a ce ta ƙaru, ai albishir ne. Ba a ɗauka sai a inda kaya suke. Duk ƙullin da ya ɓace shaida ne cewa arzikin ƙasa ya bunƙasa a ƙarƙashin jagorancinka.”

Sarki ya lumshe ido, maganar ta yi masa daɗi. Sannan ya juya wajen shugaban 'yan doka, wani tsohon kare mai suna Barmo, wanda ba ya cika magana a majalisa. “Kai fa, me ka gani?”

Barmo ya sunkuyar da kai. “Ranka ya daɗe, waɗanda muke kamawa, haƙarƙarinsu duk a waje yake. In ka kama su ko gudu ba sa yi.”

“An tambaye ka siffarsu ne?” in ji Sarki.

Barmo ya koma ya zauna. A nan take aka kafa Kwamiti Mai Ƙarfi na Binciken Musabbabin Dogon Hannu, aka ba Dila Tanko shugabanci, aka ba shi wata uku, aka kuma gargaɗe shi da kada ya bar kowa komai girmansa.

Watan farko ya tafi wajen zaɓen kalar rigunan 'yan kwamiti. A wata na biyu suka tafi Dajin Gabas ƙaro ilimi, don su ga yadda ake sata a ƙasashen da suka ci gaba, suka dawo wuyansu ya yi kauri. A wata na uku aka ware yini guda don jin bahasin jama'a, aka fara bayan azahar saboda shugaban kwamiti yana da wani uzuri da safe.

Mutum ɗaya ne ya sami damar magana kafin lokaci ya ƙare, wani kurege mai suna Nomau, mai ɗan tebur a gindin kuka. Ya tsaya yana murza hularsa ya ce, “Ranka ya daɗe, shekarata goma sha tara ina tireda a wurin nan. Da, abin da ake ɗauke mini turare ne, da madubi, da duwatsun wuya, aikin samari da 'yan mata masu son gayu. Yanzu ga madubi can wata shida yana rataye, ko kallonsa ba a yi. Dusa ake ɗauka, da gishiri, da sassaƙen maganin zazzaɓi. Kuma na san masu ɗaukar. Wadda ta karɓi haihuwar 'ya'yana tana cikinsu. Wanda ya koya mini karatu yana cikinsu. In na ga hannunsu ya nufi kaya, sai in sunkuya kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur, don kada mu haɗa ido. Ni ma karyewa nake yi, ranka ya daɗe, teburina ya kusa zama katako zalla. Ku buɗe rumbu ɗaya tak. In ba a daina ba, ni ku kama ni.”

“Madalla da wannan ɗan ƙasa nagari,” in ji Dila Tanko. “Duk an rubuta.”

Magatakardan kwamiti yana gefe yana gyangyaɗi, alƙalaminsa a bayan kunne. Washegari aka zo aka ɗauke teburin Nomau, aka ce ya tare hanya.

Rahoton ya fito da bango mai ruwan zinariya. Ya ɗora laifi a kan baƙin ɓeraye da ke shigowa daga ƙetare, ko da yake babu wanda ya ga ɓera a dajin tun da hatsi ya ƙare a gidaje. Ya ɗora a kan masu kantuna da ke baje kaya a fili suna tsokanar idon bayin Allah. Ya yi shafi goma sha ɗaya a kan sakacin iyaye mata. Amma babban abin da kwamiti ya gano, bayan dogon nazari, shi ne cewa ba a iya sata sai da wurin ɓoyewa. Saboda haka aka hana jakuna shiga kanti da mangala, aka ce kurege da biri su riƙa buɗe baki a ƙofa a duba kumatunsu, aka tsara Makon Riƙon Amana da waƙoƙi da raye-raye, aka kuma ce duk wanda aka kama daga ranar a yanke masa kunne a bainar jama'a. Kalmar yunwa ta fito sau ɗaya a cikin rahoton, a shafin ƙarshe, inda kwamiti yake godiya ga fada da ba ta bar shi da ita ba a lokacin aikinsa.

A cikin jakunan da ke yi wa fada dakon hatsi akwai wata dattijuwa mai suna Tabawa. Ita da mijinta Ɗangoggo sun yi wa fada dako tun kafin a yi mafarkin Dokar Tanadi, kuma da aka gina rumbuna su ne suka cika su a bayansu, buhu bayan buhu. A bara ne aka ɗora wa Ɗangoggo kayan jakuna biyu a kan gangaren kogi, bayansa ya amsa, bai sake tashi ba. Fada ta sallame shi da takardar yabo mai hatimi, wadda suka cinye tun a watan farko.

Tabawa ba ta taɓa ɗaukar abin wani ba. An san ta da wannan, har in ana rabon kaya a bakin rumbu ita ake bari ta tsare na wasu. Amma Ɗangoggo ya kai matsayin da ba ya iya haɗiyar busasshiyar ciyawa, sai ya tauna ya furzar. A rana ta huɗu ta Makon Riƙon Amana, ana jin kiɗa daga kasuwa, ya buɗe ido ya ce, “Tabawa, bakina ɗaci. Da zan sami 'yar kanwa in lasa.”

“Za ka samu,” in ji ta, ba tare da ta san ta ina ba.

Ta fara zuwa gindin kuka, tana tunanin za ta roƙi Nomau. Ta tarar da wurin fayau, sai ramukan ƙafafun tebur guda huɗu a ƙasa. Ta daɗe tana kallonsu. Daga nan ta nufi Kantin Wadata.

Ta zagaya cikin kantin sau uku. Buhunan geron da ke jibge duk ta san su, har da wanda ta taɓa faɗuwa da shi aka yi masa faci da jan zare. Ta tambayi kuɗin ƙullin kanwa, aka gaya mata, ta ce to. A zagaye na huɗu ta sa baki ta ɗauki ƙulli ɗaya, wanda bai kai ƙwan zabo ba, ta cusa shi a ƙarƙashin akumarin da ke bayanta. Ta nufi ƙofa tana waige-waige. Ko da karnukan ƙofa ba su da hanci, da sun gane.

Da aka kai ta gaban Barmo, ya dube ta ya kau da kai. “Iya, ke ce? Me ya kai ki?”

“Ɗana, kai ma ka san abin da ya kai ni. Yi aikinka.”

A fada kuwa murna aka yi. Mako ya kusa ƙarewa ba a kama kowa ba, ga rumfa an kafa, ga makaɗa an gayyato. Aka sa shari'ar a ranar rufe taro, a filin kasuwa, a gaban rumbunan nan goma sha biyu, aka ce kowa ya hallara.

Kowa kuwa ya zo: zomaye, barewa, gada, shanu, tumaki, da jakuna a can baya inda aka saba ajiye su. Kure Ɗanliti ya yi jawabi mai tsawo a kan amana, ya ce ita ce gadon da ya samu daga iyayensa, har muryarsa ta yi rawa. Dila Tanko ya roƙi jama'a da su ƙara haƙuri, ya ce wahalar da ake sha alama ce ta cewa gyara yana aiki, kuma nan ba da jimawa ba kowa zai sha romo. Sannan aka kawo Tabawa, aka ajiye ƙullin kanwar a kan wani babban faranti a gaban Sarki.

“Kin ɗauka?” in ji Sarki Jatau.

“Na ɗauka, ranka ya daɗe.”

“Me ya sa?”

Dila Tanko ya matso da fara'a. “Iya, kada ki ji tsoro, faɗi gaskiya. 'Yan adawa ne suka zuga ki? Ko baƙin ɓeraye ne suka koya miki?”

“Ban san su ba, ranka ya daɗe. Mijina ne yake kwance, kwanansa uku bai haɗiyi komai ba. Gidanmu babu ko ƙwayar gero. Yunwa ce.”

Aka ji ɗan motsi a cikin taro, kamar iska ta bi ta cikin karan dawa.

Sarki ya daka tsawa. “Yunwa? A ƙasata? Kwamiti ya yi wata uku yana bincike bai gan ta ba, sai ke? Juya ki dubi bayanki. Rumbuna goma sha biyu, cike maƙil. Ni da kaina nake hawa tsani duk shekara ina leƙa su, gero har baki.”

Tabawa ba ta juya ba. Ta ce, “Ta sama kake leƙawa, ranka ya daɗe. Ni ta ƙasa na san su. Mu muka cika su, mu kuma muka kwashe. Da rana aka sa mu, ba a ɓoye ba. Aka ce za a kai hatsin ya sha iska. Rabi muka kai bayan Kantin Wadata, rabi muka haye kogi da shi. Da aka gama sai aka kafa faifai a bakin kowane rumbu, aka zuba gero a kai. Shi kake gani.”

Kure Ɗanliti ya zaburo. “Allah ya taimake ka, tsufa ne ya taɓa ta! Kuma wannan magana ta shafi tsaron ƙasa, bai kamata a yi ta a fili ba.”

“Ni jaka ce, ranka ya daɗe,” in ji Tabawa, “ban iya jawabi ba. Abu ɗaya na iya ban da dako. A ba ni izini in yi harbi ɗaya a jikin rumbun can. In a cike yake, ƙafata ce za ta karye.”

Da Sarki Jatau ya tsaya ya dubi fuskar ministansa a wannan lokaci, da ya hana. Amma jama'a yake kallo, kuma bai taɓa yarda a ga kamar yana tsoron jaka ba. Ya ce, “Ku bar ta.”

Tabawa ta taka a hankali har gindin rumbun farko. Ta juya masa baya, ta tattara abin da ya rage mata na ƙarfi, ta saki ƙafafu biyu.

Rumbun ya amsa kamar ganga. Ƙarar ta bi filin kasuwa, ta daki sauran rumbunan, su ma suka amsa mata. Babu manomin da ke wurin da bai san abin da wannan ƙara take nufi ba. Ta ƙara na biyu ba tare da an ba ta izini ba, ƙasa ta rufta, rami ya buɗe. Ƙura ta fito. Bayan ƙura sai wani ƙadangare, ya tsaya a bakin ramin ya ɗaga kai ya sauke sau uku, ya wuce abinsa. Can sai aka ji faifan ya suɓuce daga sama ya faɗo ciki, geron da ke kansa ya watsu a ƙasa, bai fi cin tattabaru biyu ba.

Makaɗa suka sauke gangunansu. Sarki ya juya a hankali ya dubi Kure Ɗanliti, gashin wuyansa ya mimmiƙe, har na kusa da shi suka ja da baya. Amma Kure bai gudu ba. Ya rusuna, ya kai bakinsa kunnen Sarki, ya ce a hankali, “Ranka ya daɗe, naman da ake kawowa fada safe da yamma daga Dajin Gabas, kana tsammanin kyauta suke ba mu? Da hatsin nan ake musayarsa. In an buɗe maganar rumbu, har akushinka za ta kai.”

Gashin wuyan Sarki ya kwanta. Ya lashi leɓe. Sannan ya gyara zama ya yi wa Dila Tanko alama.

Dila ya fito tsakiyar fili. “Jama'a, a kwantar da hankali. Abin da kuka gani ba fanko ba ne. An mayar da hatsin wani wuri na musamman saboda dalilan tsaro, kuma shi kansa rashin ganinsa shaida ne cewa an adana shi da kyau. Za a kafa kwamiti.”

Sarki ya yanke hukunci da murya mai nauyi. Kunne ɗaya saboda sata, kamar yadda doka ta tanada. Ɗayan kuma saboda lalata kadarar gwamnati da tona asirin ƙasa.

Barmo aka kira. Ya zo yana jan ƙafa, ya tsaya a gabanta, ya kasa ɗaga kai. “Iya, ki yafe ni.”

“Yi sauri, ɗana. Na bar mara lafiya a gida.”

Ya yi. Ba ta yi kuka ba, ko da yake ƙafafunta na gaba sun lanƙwashe sau ɗaya kafin ta sake miƙewa. Jini yana bin wuyanta yana ɗiga a ƙasa, ta ɗaga kai ta dubi Sarki ta ce, “Ranka ya daɗe, tunda na biya, a ba ni kanwata.”

Barmo ya taka har gaban Sarki, ya ɗauki ƙullin daga kan faranti ba tare da ya nemi izini ba, ya kawo mata. Taro ya dare biyu ya ba ta hanya. Ba a yi ihu ba, ba a yi jifa ba. Dila Tanko ya rubuta a sanarwar ranar cewa jama'a sun karɓi hukuncin cikin natsuwa.

Ɗangoggo ya lashi kanwarsa. Ya ga kan matarsa ɗaure da tsumma, ya tambaya, ta ce ƙaya ce. Bayan kwana biyu ya cika.

Da aka dawo daga binne shi, jakuna ba su koma gidajensu ba. Suka bi layi har ƙofar fada, kowa ya sauke akumarinsa ya ajiye, har tarin ya kai tsayin katanga. Mai gadi ya tambaye su ko saƙo ne, suka ce a'a, kayan fada ne suka mayar. Washegari da hantsi suka nufi mashigin kogi, Tabawa a tsakiyarsu. Nomau ya bi su da iyalinsa, da madubinsa a rataye a wuya. Zomaye suka bi, shanu suka bi, barewa da gada suka bi, duk da damina ta kawo jiki kuma gonaki suna jiran shuka. A kan hanya suka biya ta Kantin Wadata. Ba su tambayi farashi ba, ba su kuma ɓoye komai a ƙarƙashin komai ba. Karnukan ƙofa su suka taya su ɗaurin kaya, da aka gama suka bi bayansu. Barmo ne ya haye kogin a ƙarshe.

A fada aka ce yajin aiki ne na 'yan tsiraru, yunwa za ta dawo da su. Aka jira mako, aka jira biyu. Ciyawa ta fara fitowa a tsakiyar kasuwa. Fataken Dajin Gabas suka zo bakin kogi da nama, suka jira hatsi har rana ta yi tsaka, ba su ga jaki ko ɗaya ba, suka juya. Ba su sake zuwa ba.

Da wata ya cika aka kira majalisa. Waɗanda suka rage ba su da yawa: Sarki, Dila Tanko, da Kure Ɗanliti tare da danginsa goma sha huɗu, waɗanda duk masu muƙami ne. Rigunansu sun yi musu yawa. Dila ya miƙe yana dafa bango, ya buɗe takarda.

“Allah ya ja zamaninka, ina farin cikin sanar da wannan majalisa cewa yau kwana talatin cur ba a ɗauki ko tsinke a wani kanti ba, a duk faɗin Dajin Marke. Babu sarkin da ya taɓa kafa irin wannan tarihi. Matakan da ka ɗauka sun yi aiki.”

Tafin bai yi ƙarfi ba, amma an yi. Sarki Jatau ya gyaɗa kai, ya ce lallai a rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Sannan ya ce a kawo abinci.

Babu wanda ya motsa.

Ya sake faɗa, ya ƙara murya, amma gurnanin ya tsaya masa a maƙoshi ya koma tari. Da tarin ya lafa ya ɗaga ido, sai ya ga Dila Tanko ya naɗe takardarsa yana sulalewa ta ƙofar baya. Ya kuma ga kurayen sun bar kujerunsu. Sun matso kusa da yadda aka saba, sun zauna a ƙasa, wasu a gabansa, wasu a gefe, biyu a bayansa. Kure Ɗanliti yana tsakiya, cikin ladabi, hannuwansa a haɗe, amma ba fuskar Sarki yake kallo ba. Cinyarsa yake kallo.

“An tashi taro,” in ji Sarki Jatau.

Babu wanda ya tashi.